FILIN MANOMA: Yadda A Ke Neman Kayan Gyaran Tsohon Injin Ƙaramin Babur

Akwai wani irin babur ɗan ƙarami da a ka yi yayinsa a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa cikin shekarun 1970. Sirdinsa bai wuce gwiwar babban mutum da yawa ba, tayoyinsa kamar na baro, yawancinsu kuma ba su da giya, daga inji sai sarƙa sai birki. A can ƙasar akwai mutane masu yawa da su ke bin tsofaffin baburan nan suna saye, su tashe su, su mai da su kamar ranar da su ka fito daga masana'anta. Kwance injin ba wuya, ɗaura shi ma ba wuya. Inda aikin ya ke shi ne samun kayan da su ka dace da shi.

Mai karatu ya yiwu ya ce, ina ruwan manomi da babur ɗin wasan 'ya'yan Amurka? Da ruwansa ƙwarai. Injin da a ka ɗora wa baburan nan tun asali na aikin gida da na gona ne. Shi a ke sa wa injin yankan ciyawa, da na huɗar lambu, da na jawo ruwa. Watau ɗan'uwa ne ga wanda ke ruri a bakin fadama da rani, da wanda ke markaɗe a bakin kasuwa. Dabarar da mai tashin tsohon babur ya ke bi ya sami fistin ɗin da ya dace, ita ce manomin rani zai bi. Bambancinsu ɗaya ne. Wancan in ya yi kuskure abin wasansa ne ya tsaya. Shi kuwa manomi in ya yi kuskure, ga asarar kuɗi, ga tumatir ya kwana uku bai sha ruwa ba.

ASALIN INJUNAN

Kamfanonin da su ka yi suna wajen ƙera baburan nan, kamar Rupp na garin Mansfield a jihar Ohayo, da masu ƙera Taco a Kalifoniya, gangar jiki kawai su ke yi. Inji kuwa sayowa su ke yi daga wasu kamfanoni, galibi Briggs & Stratton na birnin Milwoki, wanda a ka kafa cikin 1908, ko Tecumseh, ko Clinton. Saboda haka sunan da ke jikin tanki ko sirdi ba ya gaya wa mutum kome game da injin. Wanda ya je neman kaya da sunan babur ya ɓata tafiyarsa, da sunan inji a ke nema.

Japan ma ta yi nata. Kamfanin Honda ya fito da Super Cub cikin 1958, daga zuriyar injinsa kuma a ka sami 'yan ƙananan nan, Z50A na 1968 da CT70 na 1969. Injinsu kwantacce ne, silindarsa na kallon gaba, irin wanda duk bakaniken babur a ƙasar nan ya sani, gama injunan ƙananan babura da yawa da a ke shigowa da su daga Sin a kan fasalinsa a ka kwaikwaye su.

To, zamani ya juya. Rupp ya rufe cikin 1978. Tecumseh ya daina ƙera injuna a ƙarshen 2008, wani kamfani ya sayi abin da ya rage cikin 2009. Briggs & Stratton kansa ya faɗa cikin bashi a 2020 har a ka sayar da shi, ko da ya ke ya ci gaba da aiki. Tsofaffin injunansa masu bawul a gefen silinda kuwa, masu bawul a bisa kai sun maye gurbinsu. Ga dalilin da ya sa kayan tsohon inji su ke wuyar samu, kuma masu kama da su su ka cika kasuwa. Hausawa kuwa sun ce, kama da wane ba ta wane.

AIKI NA FARI: SANIN SUNAN INJI

Kowane inji yana da suna na yanka, amma da lambobi a ka rubuta shi. Kafin a kwance ko noti ɗaya, sai a wanke injin da kananzir, a nemi lambobin nan, a kwafe su a takarda. In tsatsa ko fenti ya rufe su, a goge a hankali da burushin waya, a shafa alli a kai a share, sai lambar ta fito fara. Kada a sa fayil ko takarda mai kaushi, domin bugun ba shi da zurfi, ya kan tafi tare da tsatsar.

A injin Briggs & Stratton, lambobin suna jikin murfin kwanon da ya rufe fankar inji, inda igiyar tayarwa ta ke. Kashi uku ne, a bisa kowane an buga kalma da Turanci: MODEL, da TYPE, da CODE.

Kashi na fari shi ke faɗin irin injin. A ɗauki 130202, mai ƙarfin doki 5. Lamba 13 ta farko girman cikin silinda ne da awon inci irin na Amurka, ainihinsa cc 206. Sifirin da ke binta jerin ƙirar ne. Lamba 2 ta gaba tana nufin sandar injin a kwance ta ke, kafireto ɗinsa kuma irin wanda a ke kira Pulsa-Jet ne. Sifiri na biyu yana nufin sandar tana juyawa cikin ramin jikin murfi ne, ba boris. Lamba 2 ta ƙarshe kuwa tana nufin igiyar tayarwa mai komawa da kanta ce. Inda a ka ga 130232, to, wannan mai boris ne, murfin gefensa da sandarsa ba lalle su shiga na farkon ba. Haka nan 80202 ƙanensa ne mai doki 3. Lamba ɗaya tak ta kan raba inji da inji.

Kashi na biyu shi ke faɗin 'yan ƙananan bambance-bambance, kamar tsawon bakin sanda, da irin salansa, da saurin da a ka ɗaure injin a kai, har da launin fenti. Inji biyu su kan yi tarayya a kashi na fari su rabu a na biyu, gwargwadon abin da mai saye ya umurci kamfani ya yi masa.

Kashi na uku ranar haihuwa ce. A injunan da a ka ƙera tun daga wajen 1965, lambobi biyu na farko shekara ce, biyu na gaba wata, biyu na gaba rana, saura kuwa na masana'anta ne. Misali, 72031507 yana nufin ran 15 ga Maris, 1972. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin kamfani ya kan sake fasalin wani abu a tsakiyar shekara, littafin kaya ya ce wanda a ka ƙera kafin rana kaza ga nasa, na bayanta ga nasa.

Amma fa a lura. Murfin nan da noti uku ko huɗu a ka ɗaure shi, cikin shekara hamsin kuwa hannu da yawa ya taɓa injin. Sau da yawa a kan tarar murfin wani inji ne a ka ɗaura wa wani. Saboda haka lambar murfi shaida ɗaya ce, sai awo ya gaskata ta.

Na Tecumseh da haruffa ya ke farawa. H tana nufin sanda a kwance, lambar da ke biye kuma ƙarfin doki ne a ka ƙara wa sifiri: H35 doki uku da rabi, HS40 doki 4. Bayanta akwai wata doguwar lamba, ita ce makwafin TYPE, kuma ba a samun kaya daidai sai da ita.

Honda kuwa a jikin tukunyar injin ya ke buga tasa, gefen hagu daga ƙasa, ta kan fara da sunan babur, kamar CT70E. Har wa yau kowane kaya nasa yana da lamba mai kashi uku. Biyar na farko suna faɗin ko mene ne, misali 13101 fistin ke nan. Uku na tsakiya suna faɗin babur ɗin da a ka fara ƙera kayan dominsa: 045 na Z50 ne, 098 na CT70. Wanda ya san wannan ya kan gane cewa kaya ɗaya yana shiga babura da yawa, sai ya nema a inda ya fi sauƙi.

AIKI NA BIYU: AWO

Ido ba mudu ba ne. Bambancin da ke kashe inji ya fi ƙarfin ido, sai da ma'auni. Duk mai wannan aiki yana bukatar abu biyu: ma'aunin ƙarfe mai baki biyu wanda ke auna kauri da faɗin rami, da kuma 'yan siraran wuƙaƙen nan na awon tazara. In ba shi da su, masu aikin rabora suna da su, da ɗan abin hasafi su kan auna wa mutum.

Faɗin silindar 130202 sabuwa inci 2.5625 ne, watau kimanin milimita 65. Ta Z50 milimita 39 ce, ta CT70 milimita 47. In an auna an sami ƙari, ɗayan biyu ne: ko silindar ta cinye, ko an taɓa yi mata rabora. A kankare baƙin da ke kan fistin a duba. In an ga an buga .010 ko .020 ko .030, fistin ɗin ƙari ne na awon inci. A na Honda 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko 1.00 a kan gani, na milimita. Wanda ya sayo ringi na asali ya sa cikin silindar da a ka faɗaɗa, injinsa zai tashi, amma zai yi ta hayaƙi yana shan baƙin mai, ba shi da ƙarfin jan kome.

Ƙa'idar kamfanin Briggs ita ce, in silinda ta cinye fiye da 0.003 na inci, a yi mata rabora. Wannan kuwa bai wuce kaurin silin gashi ba. Ringi ma a kan gwada shi kafin a ɗaura: a tura shi shi kaɗai cikin silinda, a daidaita shi da kan fistin, a auna tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu. In ta yi yawa iska za ta tsere. In babu ita sam, sa'ad da inji ya yi zafi ringin zai kumbura ya kama silinda. Kuma a riƙa sayen fistin tukuna sa'an nan a kai rabora, domin mai aikin ya yanka daidai da fistin ɗin da ke hannu.

Akwai wani tarko kuma. Silindar Briggs iri biyu ce. Wata alminiyam ce zalla, wata an sa mata riga ta baƙin ƙarfe a ciki. Faɗinsu ɗaya, amma fistin ɗinsu ba ɗaya ba ne, gama ruwan da a ka shafa wa kowane daban ne. In an musanya su, fistin ya kan kankare jikin silinda. Gane su ba wuya: a sa maganaɗisu a cikin silinda, in ya kama, mai riga ce.

SASHEN WUTA

Injunan Briggs na kafin 1982 da kwantak da kwandansa su ke ba da wuta, suna ɓoye ƙarƙashin filawil, watau ƙaton faifan nan mai fikafikai. Daga 1982 kamfanin ya koma ga koyil mai suna Magnetron, wanda ba ya bukatar kwantak. Mai son babur ɗinsa ya zauna yadda a ka ƙera shi, sai ya nemi kwantak, ya buɗe bakinsa 0.020 na inci. Mai son aiki kawai, a yawancin ƙananan injunan alminiyam masu koyil mai ƙafa biyu, yana iya ɗaura sabon koyil ɗin ya huta da kwantak. Ga manomi wannan ya fi, domin ƙura da laima su ne abokan gāban kwantak.

Tsakanin filawil da sanda akwai wani ɗan makulli, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Da gangan a ka yi shi da ƙarfe mai laushi, domin in inji ya ci karo da wani abu, makullin ya yanke, sanda ta tsira. Shi ne kuma ke tsai da lokacin da wuta za ta faɗa. In ya ɗan goce, inji ya kan ƙi tashi, ko ya fizge igiya daga hannu. Waɗansu su kan yanko ƙusa ko guntun ƙarfe su sa a madadinsa. Wannan ganganci ne, gama ran da abu ya faru, filawil ko sanda ne zai tsage maimakon makullin da ba shi da tsada.

Fulogi ma ba a sayensa da ka. Tsohon Briggs gajeren fulogi ya ke ci, kamar Champion J19LM, tsawon zarensa 3/8 na inci, a buɗe bakinsa 0.030. Injin Honda GX160 da 'yan kwaikwayonsa, waɗanda su ka cika fadamu, dogo su ke ci, kamar NGK BPR6ES, mai zare milimita 19. Kaurin zarensu ɗaya ne, milimita 14, saboda haka dogon zai ɗauru a ramin gajeren ba gardama. Amma zai leƙa cikin silinda fiye da kima, ya yi karo da abin da ke motsi a ciki. Z50 kuwa siririn fulogi ne nasa, mai milimita 10.

KAFIRETO

Pulsa-Jet a bisa tanki ya ke zaune, yana tsotso fetur ta bututu da taimakon wata 'yar fatar roba mai bugawa kamar zuciya. In inji ya daɗe a ajiye, fatar ta kan bushe ta ƙage, fetur ɗin da a ka gauraya da sinadarin etanol kuma yana gaggauta lalacewarta. Sau da yawa ita kaɗai ce ciwon, kuɗinta kuwa kaɗan ne. Sai dai fatun nan iri-iri ne, ramukansu ba wuri ɗaya su ke ba. A ɗora sabuwa a kan tsohuwa, a ɗaga su wajen haske, a ga ko kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa.

Bututun tsotson ma tsawonsa gwargwadon zurfin tanki ne. In an sa gajere a tanki mai zurfi, inji zai mutu alhali da sauran mai. In an sa dogo a marar zurfi, bakinsa zai manne da gindin tanki ya toshe.

Sababbin kafireto masu araha sun yi yawa. Waɗansu suna aiki, waɗansu ramin mansu ya yi wa injin yawa ko kaɗan. In jikin tsohon bai tsage ba, sandar maƙogwaronsa kuma ba ta girgiɗi, gara a wanke shi a sake masa fata da gasket. Da tsohuwar zuma a ke magani.

BAKIN SANDA DA SARƘA

Nan ne mutane su ka fi yin asara, musamman mai son cire inji daga wani aiki ya kai shi wani. Bakin sandar da ke fitowa waje iri uku ne. Akwai miƙaƙƙe mai tsagar makulli, shi ke ɗaukar kuloci ko fule. Akwai mai zare, na injin ban-ruwa, wanda a ke murɗa fankar ruwa a kai. Akwai kuma mai tsini kamar karas, na janareto. Ba wanda ke aikin wani. Wanda ya sayi injin tsohon janareto don ya ɗora wa babur ko injin markaɗe, sai ya sake sanda, wannan kuwa kwance inji ne gaba ɗaya.

Miƙaƙƙen ma ba kauri ɗaya ba ne. Na Briggs mai doki 5 galibi 3/4 na inci ne, watau milimita 19.05, ƙananan kuwa a kan same su da 5/8. Injunan GX a kan yi su da 3/4 na inci, a kan kuma yi su da milimita 20. Honda ya kan nuna wannan da harafi a jikin inji: Q na 3/4 ne, S na milimita 20, V mai tsini. Tsakanin 19.05 da 20 bai cika milimita ɗaya ba, amma kulocin wannan ba ya shiga wancan, na wancan kuma rawa zai yi a kan wannan har ya cinye makulli. Haka kuma GX160 da GX200 faɗin silindarsu ɗaya ne, milimita 68, amma tafiyar fistin a na farko 45 ce, a na biyu 54, saboda haka sandarsu ba ɗaya ba ce.

Sarƙa da lamba a ke saninta. Baburan Amurka da yawa lamba 35 su ke ci, tsakanin ƙusa da ƙusa 3/8 na inci. Lamba 40 da 41 da 420 da 428 duk rabin inci ne, amma faɗinsu ko kaurin gaɓoɓinsu ya bambanta. Z50 da 420 ya ke tafiya. A ƙa'ida, sarƙa da haƙoranta tare a ke sake su, domin sabuwar sarƙa a kan cinyayyen haƙori ba ta daɗewa.

Sai gwamna, watau abin da ke hana inji wuce iyakar gudunsa, wajen juyi 3,600 a minti. Samari su kan cire shi don babur ya ƙara sauri, shi ya sa tsofaffin injunan baburan nan da yawa ba su da shi. Lalle a nemo a mayar, tare da sifirin ɗinsa na ainihi, domin ƙarfin sifirin shi ke tsai da gudun. Injin da ba gwamna ya kan karya kwanrod ya fasa tukunya, filawil ma ya kan tarwatse ya ji wa na kusa ciwo.

NOTI DA ZARE

Injin Amurka na wancan zamani da awon inci a ka yanka zarensa, na Japan da milimita. Notin 1/4 na inci da na milimita 6 kusan kaurinsu ɗaya. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, sa'an nan ya cije. Wanda ya matsa da sifana ya cinye zaren alminiyam ke nan. Ko a cikin na Japan akwai bambanci, gama wajen 1967 sun sake tazarar zaren waɗansu ƙananan notuna don ta dace da ta sauran duniya. Hanya mai sauƙi ita ce, duk notin da bai tafi da yatsu zagaye uku ko huɗu ba, a fitar da shi, ba nasa ba ne. Kuma in ana kwance inji, a sami kwali a huda, a soke kowane noti a wurin da ya dace da zanen murfinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne.

KAYAN KASUWA IRI HUƊU

Na ɗaya, tsohon ajiya: kayan kamfani na ainihi da su ka daɗe a kanti ba a sayar ba. In ƙarfe ne, kamar fistin ko bawul ko sanda, babu kamarsa. In roba ne, kamar oyil sil ko fatar kafireto, a bar shi, gama roba tana tsufa ko a cikin kwali.

Na biyu, sabon kaya daga kamfani. Kamfani ya kan sake wa kaya lamba, tsohuwar ta koma wata sabuwa. In mai kanti ya ce lambar ta mutu, a roƙe shi ya duba wadda ta gaje ta.

Na uku, na kwaikwayo. A cikinsa akwai na kirki, akwai jabu. Ga gasket da igiya da tiyo da matatar iska, ba laifi. Ga kwanrod da filawil kuwa, inda karyewa ke jawo babbar ɓarna, araha ba ta ado.

Na huɗu, na hannu, daga mataccen inji. Murfi da tanki da salansa da notuna a nan a ka fi samunsu. Masu tashin baburan nan su kan sayi inji guda mai lamba irin ta nasu don su riƙa cirar kaya, sau da yawa ya kan fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. A kasuwanni kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ma a kan yi irin wannan ciniki. Sai dai duk abin da ke gogayya da wani, a auna shi kafin a biya.

RANAR ZUWA KANTI

A tafi da abu uku: takardar lambobi, da tsohon kayan kansa, da awon da a ka yi. Wanda ba zai je da kansa ba, ya ɗauki hoton lambar da na kayan da waya ya aika, kada ya yi saƙon baka. Littattafan kayan yawancin injunan nan, masu zanen kowane abu da lambarsa, ana samunsu a intanet, ɗan makaranta ko akawu yana iya nemo wa mutum.

A kanti a jera sabo da tsoho, a ƙirga ramuka, a gwada tsawo. A yi sharaɗi da mai kaya tun kafin biya, cewa in bai shiga ba za a mayar, a karɓi rasiɗi. Kalmar nan ta “duk ɗaya ne, zai yi” ta ci kuɗin mutane da yawa. Kuma kada a yar da tsohon kaya sai inji ya tashi ya yi aiki.

'Yan kasuwa masu sayar da kayan nan su ma da nasu. Wanda ya ke tambayar lamba kafin ya miƙa kaya ya kan rasa cinikin yini ɗaya, amma shi a ke koma wa. Ƙungiyar manoma mai injuna da yawa kuwa, ya kamata akawunta ya buɗe littafi, kowane inji da shafinsa: lambarsa, da irin fulogi, da awon fistin, da ranar da a ka yi rabora, da ranar juyen mai. Ran da inji ya tsaya, shafin nan zai rage tafiya biyu ta koma ɗaya.

A GYARA KO A SAKE?

Ba'amurke mai tashin tsohon babur sha'awa ce ta ke jansa, yana iya jiran wata shida don murfi ɗaya, domin darajar abinsa ita ce kome ya zama na asali. Manomi lissafi zai yi. In tukunya lafiya ta ke, sanda ba ta lanƙwashe ba, abin da a ke bukata ringi ne da gasket da fata da fulogi, gyara ya fi. In kuwa ga rabora, ga sanda, ga kafireto, ga koyil, har jimlar ta kusa kuɗin sabon inji, gara ya sayi wanda kayansa ke kowane kanti, ya ajiye tsohon don cirar kaya.

Ko wanne a ka zaɓa, lokacin yinsa shi ne kafin a bukaci injin. Mai noman rani ya kwance nasa tun amfanin damina na gona, ya kwafi lamba, ya yi awo, ya aika neman kaya tun da sauran kwanaki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a abin da a ka shuka.